Fitilar Ramin Dada

Jama'a, kafin wani ya ce tsohon nan ya fara zuba irin ta tsufa, bari in rantse muku tun daga bakin ƙofa. Wallahi abin da zan ba ku labari da idona na gan shi, rana na sama, ina tsaye da ƙafafuna, kuma ban sha komai ba ranar sai shayin bakin titi, shi ma rabinsa ruwa ne. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki a Azare, a wani ɗan gini mai ɗaki biyu can ta hanyar Misau, na wani kamfanin sadarwa da ba zan kira sunansa ba, don har yanzu layinsu nake riƙe da shi, kada su ji haushi su toshe ni.

A takarda dai mai shara aka ɗauke ni, amma abin da nake gaya wa mutanen unguwarmu shi ne ina aiki a sashen injiniyoyi, kuma ba ƙarya na yi ba, tunda sashen nake sharewa. Ni nake goge ƙasa, ni nake leƙa na'urar sanyi in ga ko ta tsaya, ni nake kiran mai janareta in ta fara tari. Kuma kada ku raina ni, na yi firamare har aji huɗu, aji huɗu na zamaninmu kuwa ba abin wasa ba ne, har yau in aka rubuta Turanci da manyan baƙaƙe ina iya kama shi in riƙe.

To a ɗakin ciki akwai wata na'ura da suke kira rauta. Ba irin 'yar ƙaramar nan da jikokinku ke ajiyewa kan tebur ba, a'a, wannan ta fi ni tsawo, kamar firij ɗin masu sayar da lemo, tana gurnani dare da rana, ga ɗakin da sanyi sai ka ce ba a ƙasar Katagum kake ba. A gabanta akwai faranta-faranta na ƙarfe da ake turawa ciki kamar durowa, su suna cewa fanel, kowane fanel kuma da ramuka a jere. Injiniyoyi na cewa fot, ni dai rami nake cewa, don rami ne. A kowane rami ake cusa wata siririyar waya rawaya kamar taliya, kuma a gefensa akwai 'yar fitila da ba ta fi ƙwayar gero ba. In ta yi kore tana ƙiftawa, magana na wucewa ke nan. In ta yi ruwan goro, akwai matsala. In babu waya a ramin, fitilar a mace take, sai a toshe bakinsa da wata 'yar roba don kada datti ya shiga, wadda ni na sa wa suna hula, har injiniyoyin suka ɗauka suna faɗa. An ce mini duk maganar mutanen Misau da Shira da ƙauyukansu, har da gulmar matan unguwarmu, ta cikin ramukan nan take bi. Na sha kara kunnena don in ji ko ana ambatona, ban taɓa jin komai ba sai fanka.

Mai kula da na'urar wani saurayi ne, Buba, Bafillatani daga wata ruga can gaba da Udubo. Dogo, siriri, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe shi. Ni kuwa Babarbare ne gaba da baya, don haka kun san ba a zaman lafiya. Kullum da safe in ya shigo sai ya ce, "Bawana, an share wa ubangida fada?" Ni kuma in ce, "An share, amma a cire takalmi, nan ba garke ba ne." Haka muke yini. Amma in faɗa muku gaskiya, yaron nan hannunsa na da albarka, in ya tsaya gaban na'urar yana jera wayoyi sai ka ce mace na kitso.

Al'adarsu ce kowane rami a manna masa 'yar farar takarda a rubuta inda wayarsa ta nufa. Wannan MISAU, wannan SHIRA, haka dai. Wata rana ina goge-goge sai na ga wani rami a can ƙarshen fanel na sama, da hularsa a kai, babu waya, amma an manna masa takarda an rubuta DADA. Nan take na ji daɗi ya kama ni, na ce yau Allah ya ba ni Bafillatani a hannu. Da ya shigo na gyara tsayuwa na ce, "Injiniya, ashe kuɗin makarantar da aka sayar da shanu aka biya asara aka yi? Data ake rubutawa, da T. Data! Wadda yara ke saya ta ƙare kafin magariba." Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Wayyo Barebari! Daga yau sunanka Malam Data."

Ashe Dada uwa ke nan da Fillanci. Kuma abin haushin, na san kalmar, wa ya zauna a Azare bai san ta ba? Amma da na gan ta da manyan baƙaƙe a jikin injin Bature sai aji huɗu ya rufe mini ido.

Ranar ce ya ba ni labari. Ya ce a rugarsu babu sabis ko ɗigo, sai in mutum ya tafi wajen wani tsohon suri a bayan gari ya hau kansa ya ɗaga waya, sannan ya samu layi ɗaya, shi ma yana zuwa yana tafiya. Mahaifiyarsa ta tsufa, gwiwoyinta sun gaji, amma duk Juma'a bayan la'asar sai ta dogara sanda ta je ta hau surin nan ta jira kiransa. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ya ce sau biyu tana zamowa. Don haka ya dinga bin manyansa da magiya har suka yarda za a kafa ƙarfen sabis a yankin, kuma ramin nan shi ya ware wa wayar da za ta tafi can. Ya ce, "Ran da fitilar nan ta yi kore, Dada daga kan tabarmarta za ta yi magana da ni." Daga nan na lura kullum da safe, kafin ya taɓa komai, sai ya ɗora yatsa kan hular ramin ya gaishe ta da Fillanci, "A wali jam, Dada?" Ni kuma daga baya in amsa da siririyar murya, "Lafiya lau, sai dai data ta ƙare." Ya jefe ni da tsumma.

An kafa ƙarfen kuwa, ya tashi tsaye, saura a ja waya a haɗa. Sai damina ta sauka. Wata Talata Buba ya tafi duba aikin a kan babur ɗinsa, a hanyar dawowa ya zo wata 'yar gada da ruwa ya cinye gefenta. Masu shanu ne suka tsince shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na je jana'iza, na tsaya cikin sahu, na ga an sa dogon yaron nan a rami an rufe, kuma ku yafe mini, abin da ya zo mini a rai lokacin shi ne ban taɓa ce masa ya iya aiki ba, kullum sai tsiya. Ban ga mahaifiyar ba ranar, tana ciki wajen mata.

Da babu mai bin manya da magiya sai aikin ya tsaya. Ƙarfe na tsaye a daji, tsuntsaye na hutawa a kai. Aka turo wani injiniya, Emeka. Kada sunan ya ruɗe ku, a Azare aka haife shi, ubansa kayan babur yake sayarwa a kasuwa, kuma in yana Hausa a bayan labule za ku rantse jikan limami ne. Baba yake ce mini. Mutumin kirki, sai dai ba ya tsokana, ɗakin ya zama shiru, sai gurnanin na'ura.

Bayan 'yan makonni sai umarni ya zo daga sama cewa akwai wani banki da ke son layi, kuma fanel ɗin ya cika, rami ɗaya ya rage, na Dada. Emeka bai san labarin ba. Da safiyar wata Juma'a yana fita sai ya ce mini, "Baba, in kana shara ka ɓare min takardar can ta ƙarshe, ranar Litinin za mu sa wa banki waya a wurin." Na ce to. Ya fita, na rage ni kaɗai. Na je na tsaya, na sa farcen babban yatsana a kusurwar takardar, na ɗan ɗaga ta, ta fara tashi, sai na ji zuciyata ta ƙi. Ba wani abu na gani ba, kawai dai na tuna yatsan da yake sauka a wurin kullum da safe. Na janye hannuna na ce bari sai anjima. Ku riƙe wannan, babu kowa a ɗakin, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Bayan la'asar na dawo daga masallaci, Emeka na zaune da kwamfutarsa a cinya, na ɗauki tsumma na nufi na'urar da niyyar in rufe ido in ƙarasa abin da aka sa ni. Ina ɗaga kai sai na ga fitilar ramin Dada ta yi kore.

Na murza idona. Hula na nan a bakin ramin, babu waya, babu komai. Amma ga fitila kore shar, tana ƙiftawa, ta yi sauri-sauri ta ɗan tsaya, ta sake yi a hankali, daidai yadda sauran suke yi in mutum biyu na magana. Na ce, "Emeka, zo ka ga." Ya ce, "Baba, me ka taɓa?" Na ce, "Wallahi ko numfashi ban yi a kanta ba." Ya taso ya duba, ya koma ya danna kwamfuta, ya sake dawowa, ya ce, "Baba, fot ɗin nan a kulle yake daga ciki, ni na kulle shi da hannuna jiya. Ko ɗan ƙarfen da ake turawa kafin a sa waya ma babu shi a ciki. Ba ta da hanyar kamawa." Na ce, "To ka gaya mata, ni na ji." Ya miƙa hannu zai cire hular, sai na riƙe hannunsa, ban san ma na riƙe ba. Na ce, "Yau Juma'a ce, kuma la'asar ta yi." Nan tsaye na ba shi labarin Buba da suri, shi kuma ya yi alamar gicciye a ƙirji, ni ina ta a'uziyya, kowa na kiran Ubangiji ta hanyar da ya iya. Fitilar ta yi ta ƙiftawa kamar tsawon yadda mutum zai gaida uwarsa, ya tambayi jikinta, ya tambayi shanu, a ɗan yi hira. Sannan ta mutu.

Can Emeka ya ce wataƙila wutar da ke bin fanel ɗin ce ta yi wani abu. Na ce wataƙila. Ya ce, "Baba, kayan Buba na nan a kabad, jakarsa da butarsa. Gobe mu kai wa mamarsa." Na ce dama abin da ke raina ke nan.

Washegari muka ɗauki motar aiki muka bi ta Udubo, muka ratsa gonaki, muka wuce ƙarfen sabis ɗin na tsaye shi kaɗai, muka wuce surin, har na ga 'yar hanyar da ƙafa ta fitar a jikinsa, na kau da kai. Ƙanwar Buba ce ta tarbe mu, kafin ta shigar da mu ta rage murya ta ce mu yi haƙuri da abin da za mu ji, wai tun rasuwar Buba, Dada ta ɗan taɓu, duk Juma'a sai ta kara waya a kunne tana hira ita kaɗai a ɗaki, sun bar ta don ba sa son su karya mata zuciya. Na dubi Emeka, shi kuma ya dubi ƙasa.

Muka same ta a kan tabarma, 'yar tsohuwa fara, idanunta sun fara yana, ga ƙaramar waya mai tocila ɗaure a bakin zanenta. Muka durƙusa muka yi gaisuwa, muka ajiye kaya. Ta jawo jakar ta shafa ta, ta sunsuna, ba ta yi kuka ba. Da Hausarta mai karyewa ta ce ta san ɗanta ya rasu, ita ba mahaukaciya ba ce, a gabanta aka fita da shi. Ta ce, "Amma Buba bai taɓa saɓa Juma'a ba, kuma har yanzu bai saɓa ba. Ya ce mini, Dada, kin daina hawa suri, ki zauna a ɗakinki." Emeka ya ce, "Mama, in ga wayar?" Ta kwance ta ba shi. Na leƙa ta kafaɗarsa. Babu sabis ko layi ɗaya, kuma babu alamar wani kira ya shigo. Ya mayar mata da hannu biyu.

Har mun yi sallama mun yunƙura sai ta ce, "A cikinku wane ne Malam Data?"

Jama'a, sai na koma na zauna daɓas. To amma na ce a raina ai yana iya yiwuwa tun yana da rai ya ba ta labarina, yaro da uwarsa. Na ce, "Ni ne, Dada." Ta juyo inda muryata take ta ce, "Jiya ya ba ni saƙo. Ya ce in Babarbaren nan ya zo, a ce masa ya cire farcensa daga takardar, ba kuskure ba ne." Ta ɗan yi murmushi ta ƙara da cewa, "Yana dariya ya faɗa. Ni ban gane ba, ku kun san wasanku."

Ban san yadda na fito daga ɗakin nan ba. A mota na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a maƙabarta, tsoho da furfura, majina har gemu, Emeka na tuƙi yana ta cewa, "Yi haƙuri, Baba," alhali shi ma hanyar ba ya gani sosai. Sai a nan na gaya masa abin da na yi da safiyar Juma'a. Ya tsayar da motar a gefen wata gona, ya kifa kai a kan sitiyari.

Ranar Litinin ya kira manyansa ya ce musu fot ɗin ƙarshe na da matsala, yana kamawa shi kaɗai, bai yarda a ɗora banki a kai ba, a aiko da sabon fanel. Ku duba ku gani, ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Suka yi ta faɗa a waya, har ina jiyo muryar ogan daga inda nake shara, amma ya tsaya a kan bakansa, daga baya suka aiko. Ni kuma na samo gam na mayar da kusurwar takardar nan na danne ta da kyau. Emeka ya ɗauki maganar ƙarfen sabis ɗin ya ci gaba da magiyar daga inda Buba ya tsaya.

Daga nan duk Juma'a bayan la'asar sai mu jawo kujeru biyu mu zauna gaban na'ura, Musulmi da Kirista, kamar masu kallon talabijin. Fitila ta kama, ta yi hirarta, ta mutu. Wani lokaci in ta yi sauri-sauri sai in ce a raina yanzu dariya yake yi, wataƙila ma da ni. Tsoron ya tafi, har na fara ɗokin Juma'a, Allah ya yafe mini in laifi ne. Sau ɗaya na ɗora yatsa a kan hular na ce, "Ubangida, bawanka na gaisuwa," shi ne karo na farko da na taɓa yarda da wannan magana, kuma da ya ji da ba zan sake shan ruwa a Azare ba.

Haka muka yi har kaka ta wuce. Wata Juma'a muka zauna, la'asar ta yi, ta gota, rana ta fara ja, fitila ba ta kama ba. Emeka ya dubi agogo, ya dube ni. Na tashi na naɗe tsummana na ce, "Tashi mu tafi, an yi rasuwa." Kafin mu kai Udubo muka haɗu da mai babur da aka aiko ya sanar da dangi. Dada ce, da hantsi ta cika, a kan tabarmarta, wayar na ɗaure a bakin zane.

Sabis ya isa rugar daga baya. Ran da za a haɗa, Emeka ya ce a ramin Dada za a sa wayar, don nata ne. Ya cire hular, ya tura ɗan ƙarfen, ya cusa waya, ya buɗe ta kwamfuta. Shiru. Ya canza waya, ya canza ƙarfe, ya yi duk abin da ya sani, fitila ko motsi. Yana sa wayar a wani rami da ke sabon fanel fitilarsa ta kama kore nan take. Sai ya ɗauki hular ya mayar wa ramin Dada, ya ce, "Baba, sun gama magana." Har na bar aikin ramin nan bai sake kamawa ba, takardar kuma na nan. Yanzu an ce yaran rugar a gindin surin suke zama suna kallon bidiyo a waya, ba su ma san wadda ta fitar da hanyar da ke jikinsa ba.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljannu ne, wani ya ce in bar maganar. Na tambayi masu boko, suka ce wuta ce. To wutar ce ta san sunana, ta san inda na sa farce? Ni dai aji huɗu na tsaya, ban kai inda ake koyar da wannan ba. Abin da na sani, har gobe in Juma'a ta zo la'asar ta yi, farcen babban yatsana na dama yakan yi sanyi kamar na tsoma shi a ruwan randa, ko da kuwa a watan zafi ne.

Saboda haka ku da kuke riƙe da wayoyi masu faɗin faranti, sabis cike har yana zuba, in mahaifiyarku na da rai ku ajiye wannan karatun ku kira ta yanzu, kada ku ce sai Juma'a. Ba kowa ake ba wa rami bayan ya tafi ba. Kuma in kun ga wani ya rubuta abu ya manna a wurin aikinsa, kuka ga kamar kuskure ne, ku tambaya tukuna kafin ku sa farce. Allah ya jiƙan Buba, ya jiƙan Dada, ya sa can inda suke babu hawa suri.